Tambayar Da Na Ji Kunyar Yi Wa Yayana

A shekarar da aka yanke mana sabuwar jiha daga Sakkwato ina da shekara goma sha tara. Ban daɗe da gama kwalejin horon malamai mata ba, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Gwandu. Yarinya ce ni mai sanyin hali, irin wadda ko akuya ta shigo mata ɗaki sai ta lallashe ta kafin ta fita. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki, na damina, na gulbi, na balbelun da ke komawa gida da yamma. Inna takan ce jikina ne kawai ke gidan, hankalina yana can inda gajimare ke kiwo. Mutane suna yabona da ilimi da kunya, ni ma kuma na yarda ina da su. Ban san waɗannan biyun ne za su haɗu a bakina su cuci mutumin da na fi ƙauna ba. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, sai in fara in yaga.

Mu biyu ne wurin mahaifiyarmu, ni da yayana, kuma ya girme ni da shekara bakwai. Da yake shi ne ɗan fari, ana yaye shi kawunmu, wan Inna, ya ɗauke shi zuwa Wurogauri ta ƙasar Kalgo. Can ya tashi cikin noman shinkafa da su, bai yi boko ba sai allo. Ni kuwa na tashi Gwandu a gidan mahaifinmu, gidan malamai, inda aka sa ni makaranta kafin mahaifin ya rasu. Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ba ta kallonsa ido da ido, in ya zo gaishe ta sai ta juya gefe tana amsawa kamar da bango take magana. In tana son jin labarinsa sai ta ce da ni, ko wancan na Wurogauri yana lafiya. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, ba ƙi ba. Ni na san ta fi kowa sonsa, don na sha ganin tana zaɓar tsokar da ta fi kyau tana ajiyewa a gefe ranar da ake sa ran zuwansa.

Yayana ɗan kokawa ne. Dangin mahaifinmu suna ganin abin zubar da girma ne ɗan gidan malamai ya tuɓe ya ɗaura warki a gaban makaɗa, amma daga Kalgo har ƙauyukan bakin gulbi babu wanda bai san shi ba. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai yawan dariya. Ba ya kirana da sunana, sai dai Malama, yana yi yana ɗan rusunawa don tsokana. Akwai wani sirri tsakaninmu, ni nake tsara masa kirari. In na rubuta sai in karanta masa har ya haddace, shi kuma ya kai wa makaɗinsa a matsayin nasa. Ranar da na fara jin wasu 'yan mata a kasuwa suna rera, "Giginyar bakin gulbi, iska ta gaji ta bar ki tsaye," sai da na nemi wuri na zauna. Kalmomina ne, daga littafina, suna yawo a bakin mutanen da ba su san ni ba. Wannan daɗin ya shige ni fiye da yadda na sani.

Ciwon bayan da ya kama yayana ya samo asali ne daga kakar da ta gabata. An yi wasa a wani ƙauye, ya faɗi da kwankwaso a kan busasshiyar ƙasa, ya tashi ya ci gaba har ya yi kaye. Washegari kuma ya shiga ɗaukar buhunan shinkafa daga fadama. Tun daga nan ƙugunsa bai koma daidai ba. Wanzami ya yi masa ƙaho, mai ɗori ya taka masa baya, aka shafa abin da aka shafa, aka ce ya warke. Da na je hutu gidan kawu na ga abin da mutane ba su gani ba, don ni mai yawan kallo ce. Na ga yana ɗaure ƙugu da tsohon rawani a ƙarƙashin riga. Na ga in zai tashi daga tabarma sai ya fara duba ko akwai mai kallonsa, sannan ya dafa bango. Na leƙa zaure da azahar na same shi yana salla a zaune. Wata rana muna tafiya bakin gulbi silifarsa ta hagu ta fita, ya yi taku huɗu ko biyar a kan ƙasa mai zafi bai sani ba, sai da na ɗauko masa. Ya yi dariya ya ce takalmin ne ya gaji da shi. Matar kawu kuma ta yi min ƙorafi cewa kwana biyu ya daina ba da wandunansa a wanke, shi yake wanke abinsa a bayan ɗaki, ko wani laifi aka yi masa. Na ji maganar, wani abu ya ɗarsu a raina, na kawar da shi da sauri don ba tunanin da ya dace ƙanwa ta yi a kan wanta ba ne.

Ana haka labari ya zo cewa sabuwar jiha za ta zaɓi 'yan kokawar da za su wakilce ta a wajen jiha, kuma za a yi karawar zaɓen yankinmu a Kalgo. Wanda ya yi nasara za a sa shi sansani, har ana cewa za a ɗauke shi aiki. Sai dai an zo da wani sharaɗi da 'yan kokawa ba su saba da shi ba: duk wanda aka san ya taɓa jin rauni sai ya kawo takardar asibiti mai nuna zai iya. Faɗuwar yayana kuwa a gaban jama'a aka yi ta. Kawu ya aiko Gwandu cewa in zo in raka yayana asibiti, tunda an ce ma'aikaciyar da ke duba su 'yar kudu ce, 'yar bautar ƙasa, ba ta jin Hausa, ni kuma ga Turanci a bakina. Da zan fita Inna ta biyo ni har zaure, ta gyara min mayafi, ta ce ba tare da ta dube ni ba, in buɗe kunnena da kyau in ji abin da za a ce game da bayan wancan.

A mota yayana ya yi ta ba ni dariya, yana kwaikwayon yadda zai gaishe da likita da Turancin da ya tsinta a tasha. Da muka sauka kuwa sai wasan ya ƙare. Ya sayi ruwa ya haɗiye wasu ƙwayoyin kashe zafin ciwo guda biyu na kantin magani. A bakin ƙofar asibitin ya tsaya ya ce, "Malama, ke ce bakina yau. Kada ki kunyata ni gaban mace." Na fahimci abin da yake nufi, ko kuma na ɗauka na fahimta. A wurinsu ɗan kokawa ba ya janyewa da bakinsa. In an buga maka ganga ka ce bayanka na ciwo, to ka gama, makaɗa za su sa ka a waƙa, yara su bi ka da ita har gona. Gara a kayar da kai sau goma da a ce ka ji tsoro sau ɗaya.

Ma'aikaciyar ba ta fi ni da shekara huɗu ba, siririya, mai fara'a, a sashen gashin ƙashi take. Ta zaunar da mu ta ɗauko wata takarda mai tambayoyi, ta yi min bayani a hankali don in fahimta. Ta ce hoton ƙashi ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da ciwo ya ƙwace wa mutum a rayuwarsa. Wannan sai mai ciwon ne zai faɗa. Don haka kowace tambaya tana da matakai, daga ba ya hana ni komai har zuwa ba na iyawa sam, kuma kowane mataki da makinsa. In an gama za ta haɗa makin. In ya yi ƙasa za ta ba shi takarda, in ya haura wani layi ba za ta bari ya shiga fage ba, za ta tura shi Sakkwato wurin babban likitan ƙashi. Ta ce ma'aunin ba shi da ido, abin da aka zuba masa shi yake aunawa, don haka in gaya mata daidai abin da ya faɗa, kada in gyara. Na ce to. Har na ji wani alfahari da ta yaba Turancina.

Ta fara da zama, tsawon wane lokaci yake iya zama kafin ciwo ya tashe shi. Na tambaye shi. Ya ce ba komai, da sauƙi. Na gaya mata yana zama yadda ya so, alhali a gabana ya yi ta gyara zama a mota kamar wanda ke kan ƙaya. Ta tambayi tsayuwa, ta tambayi tafiya, ta tambayi ɗaukar kaya daga ƙasa, ta tambayi ko yana iya sunkuyawa ya wanke ƙafarsa. Amsoshinsa na farko duk na jarumta ne, ni kuma na miƙa su yadda suke, ban ƙara da abin da idona ya gani ba. A lokacin na gaya wa kaina ai ba ƙarya nake yi ba, tafinta ce ni, abin da aka faɗa nake faɗi. Amma da tambayoyin suka yi nisa sai na ga yayana ya canza. Ya daina murmushi. Da aka zo kan barci sai ya ce in gaya mata wani lokaci ciwon kan tashe shi, ya kasa samun gefen da zai kwanta. Na juya na ce mata jefi-jefi yakan ɗan ji shi in ya yi aiki da yawa. Ta sa alama a mataki na biyu. Na bi biron da ido, na san ba nan ne wurinsa ba.

Sai ta zo kan ƙafa, ko ciwon yana sauka cikinta, ko akwai inda ba ya ji. Ya kalli yatsunsa. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Hwaɗa mata ta hagun nan, wani bi kamar kifin minjirya ya taɓa ni, wani bi kuma kamar ba tawa ba." Wallahi na ji shi sarai. A daidai lokacin abin da ya zo min a rai shi ne filin Kalgo cike da mutane, da sabon kirarin da na kwana uku ina gyarawa, da sunansa a rediyo, da dangin mahaifinmu suna sunkuyar da kai. Na ce a raina wasa ɗaya ne, in ya ci sai a yi maganin a sansani inda akwai manyan likitoci. Na ce mata ƙafar takan sage ne kawai in ya daɗe zaune a kanta, kamar ta kowa.

Tambaya ta ƙarshe ba ta cikin masu maki. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce wannan ta fi duk sauran muhimmanci. In tambaye shi ko fitsari yana kufce masa ko yana ƙin fita, kuma ko akwai inda ya mutu a tsakanin cinyoyinsa, wurin da ke taɓa sirdi in an hau doki. Ta yaya zan buɗe baki in tambayi wana, wanda ko cin abinci ba na yi a gabansa, maganar fitsarinsa da tsakanin cinyoyinsa? Maganar matar kawu ta dawo min, na san amsar tana iya zama e, kuma na san in ya ce e, ba zai sake iya haɗa ido da ni ba. Ya ga na yi shiru ya ce, "Mi ta ce?" Na ce tana tambaya ne ko yana cin abinci sosai. Ya ɗan yi dariya ya ce in gaya mata tuwon mutum uku. Na juya na ce mata babu ko ɗaya, lafiyarsa lau.

Ta kwantar da shi ta ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta danna nan ta danna can. Ya cije haƙora bai ko motsa fuska ba, ga ƙwayoyin da ya sha suna taimakonsa. A ƙafar hagu ta ɗan tsaya, ta sake gwadawa, ta koma ta duba takardarta, ta haɗa makin. Makin ya yi ƙasa ƙwarai. Na ga yadda lissafin ya kwantar mata da hankali a kan abin da hannunta ya so ya gaya mata. Ta sa hannu ta buga hatimi. Muna fita ta ƙara da cewa in gaya masa, duk ranar da ya ji ƙafa ta mutu ko fitsari ya rikice, ya bar komai ya zo a ranar, kada ya kwana. Wannan ma ban fassara ba. A waje ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, shi da ba ya karanta boko, ya tambaye ni ko da gaske ta ce zai iya. Na ce ƙwarai. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to, ai su suka san aikinsu. Da na koma gida Inna ta tambaye ni abin da aka ce game da wancan, na ce an auna shi an ce ba komai. Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki da sauri don kada in ga fuskarta.

An yi karawar bayan kwana tara, da la'asar. Ban gaya wa kowa a Gwandu inda za ni ba, na ce gidan kawu zan je. Na tsaya cikin mata masu sayar da ƙosai a gefen fili, na ja mayafi. Makaɗinsa ya ɗauki sabon kirarin, jama'a suka amsa. Yayana ya kayar da mutum na farko kafin a gama gyara tsayuwa. Na biyu ya ɗan ja shi, amma ya kai shi ƙasa. Tsakanin wasa da wasa na lura ba ya zama kamar sauran, yana tsaye yana jan ƙafar hagu a hankali, yana buga ta da ƙasa kamar mai tashin wanda ya yi barci. Na gani, kuma akwai lokacin da zan iya ratsa mutane in je wurin kawu in ce a tsayar da shi. Ban je ba.

Na ukun wani saurayi ne daga Masama, gajere, mai nauyi. Suka daɗe a sarƙe. Sai yayana ya sami ƙugunsa, ya ɗaga shi sama gaba ɗaya har ƙafafunsa suka bar ƙasa, fili ya ɗauki ihu. Yana juyawa zai kai shi ƙasa sai kawai ya zauna. Ba faɗuwar kaye ba ce, zama ne irin na bangon da ruwa ya ci gindinsa. Saurayin ya faɗo a kansa ya tashi da sauri yana murna, bai san abin da ya faru ba. Aka jira yayana ya miƙe, bai miƙe ba. Ya dafa ƙasa da hannu biyu ya yunƙura, ƙafafun suka ƙi bin sa. Gangar ta yi shiru. Daga inda nake na hango ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana jiƙewa, shi kuma bai sani ba, yana ta ce wa mutane su ba shi wuri zai tashi. Wani tsoho ne ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa masa daga ƙugu zuwa ƙasa. Kunyar da na ƙi ya ji a gabana ni kaɗai, a ɗaki mai ƙofa, ita ce ya ji a gaban Kalgo duka.

A bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti, daga can aka wuce da shi Sakkwato. Babban likitan ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya daɗe da zamewa yana danne jijiyoyin da ke sauka ƙafa da mafitsara, ranar kuma ya fashe gaba ɗaya. Ya ce irin wannan ba ya zuwa babu sallama, lallai ya yi makonni yana ba da alama, kuma da an kawo shi tun yana tafiya da ƙafarsa da labarin ya bambanta. Ni na fassara wa kawu wannan ma, kalma bayan kalma, daidai, a lokacin da daidai ɗin ba ta da sauran amfani. Inna ta iso washegari. Ta shiga ɗakin ta gan shi kwance da robar fitsari a gefen gado, sai ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta kira shi sau uku tana shafa kansa, shi kuma ya juya fuska bango yana kuka kamar yaro.

Ma'aikaciyar nan ta biyo mu har Sakkwato ranar hutunta, da takardar a jakarta. Ta same ni a baranda, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko na tabbata na yi masa duk tambayoyin, har ta ƙarshen. Na ce na yi. Sai ta fara hawaye, ta ce laifinta ne, hannunta ya ji wani abu a ƙafar nan amma ta bi takarda, kuma da ta koyi Hausa da ta ji shi da kunnenta. Na tsaya ina kallonta tana ɗaukar kayan da nawa ne, ban ce uffan ba. Ta gama shekararta ta koma garinsu da wannan nauyi, ban kuma san inda take ba yau.

A gida kuma sai maganar ta ɗauki wata hanya. Mutane suka ce mutumin da likita ta auna ta ce lafiyarsa ƙalau, kwana tara kacal, ba zai zube haka nan ba sai da hannu a ciki. Aka ce saurayin Masama ne ya yi masa asiri, wasu har sun ga layar a damtsensa. Takardar da na gurɓata ita ta zama hujjarsu. Inna ta yarda da haka har cikin ranta, kullum ta idar da salla sai ta kai ƙarar yaron nan wurin Allah, ni kuma ina gefenta a kan tawa tabarmar. Shekara biyar tana yi har ta rasu, ban buɗe baki ba.

An yi wa yayana aiki, ƙafar dama ta dawo kaɗan, ta hagu ba ta dawo ba. Da sanduna biyu yake tafiya, ba ya nisa da gida saboda lalurar fitsari. Maganar aurensa da aka fara ta mutu da kanta, ba wanda ya ce a fasa, an dai daina zuwa. Ya koma saƙar taru da gyaran koma a ƙofar gidan kawu, kafaɗun nan suka zube. Bai taɓa yi min wani kallo ba, in na je har ya riƙa tambayata labarin 'yan makarantata. Bayan rasuwar Inna da wata biyu na kai masa ziyara, muna zaune da hantsi yana saƙa, sai ya ɗauko maganar da kansa. Ya ce zai gaya min abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce ranar da muka je asibiti a tsorace yake, ya san jikinsa ba daidai yake ba, har fitsari ya fara kufce masa. Ya ce shi ba zai iya janyewa da bakinsa ba, amma in likita ce ta hana shi, ba mai yi masa waƙa, sai a ce hukuma ce. Abin da ya faɗa min a bakin ƙofa cika baki ne kawai, amma da ya zauna sai ya yi ta addu'a a ransa takardar nan ta kama shi. Shi ya sa ya faɗi maganar ƙafa. Ya ce da za a tambaye shi ɗaya maganar ma da ya faɗa, ko da zai mutu don kunya. Da aka ce ya wuce, sai ya ɗauka tsoro ne kawai ke damunsa, tunda ma'aunin masu ilimi bai ga komai ba.

A nan na gaya masa. Na faɗi komai, barcin, ƙafar, tambayar da na mayar ta abinci, gargaɗin da na haɗiye, har da kirarin da ke raina a lokacin. Hannunsa ya tsaya a kan zaren. Ya daɗe yana kallon hanya, har na yi fatan ya zage ni ko ya jefe ni da sandarsa. Da ya yi magana bai dube ni ba, ya ce nasa ya riga ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma in tashi in je Masama in gaya musu yaronsu bai yi komai ba. Na je a satin. Na tarar saurayin ya daɗe da barin garin, don ba mai yarda ya kama kokawa da shi, ba mai ba shi 'ya, ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba. Mahaifiyarsa ta saurare ni har na gama, tana tsince wake a faifai. Ta ce, "To, ɗiyata, kin hwaɗi. Shi wa zai hwaɗa mai?"

Abin da na koya mai ɗaci ne. Na ɗauka rufa wa yayana asiri nake yi, ashe rufe masa ƙofar fita nake yi, ita kaɗai da ta rage masa. Kunya ado ce, haka aka rene mu, ban kuma ce a yar da ita ba, amma a gaban mai magani tana iya zama wuƙa. Kuma ba kunya kaɗai ba ce, dole in faɗi gaskiya, akwai son raina a ciki, na fi son in ga yayan da na tsara a waƙa a kan wanda ke zaune a gabana yana neman taimako.

Ina roƙon 'yan'uwana da Allah ya ba karatu, waɗanda ake ɗauka a kai asibiti don su zama bakin iyaye da yayye, ku faɗi abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, ku ƙara da abin da idonku ya gani a gida. In an zo tambayar da bakinku ba zai iya ɗauka ba, ku ce ba za ku iya ba, ku fita ku nemo namiji ko wata babba ta yi, ba a kashe kowa don wannan. Ku kuma masu kokawa da dambe da ƙwallo, da iyayen gidanku, ciwon ƙugun da ya sauka ƙafa, ko ya taɓa fitsari, ba na ƙaho da ɗaurin rawani ba ne, ba kuma a kai shi gobe. In jarumi ya buɗe baki sau ɗaya ya ce wani wuri a jikinsa kamar ba nasa ba, ku sani ya daɗe yana tara ƙarfin faɗin haka, kuma mai yiwuwa ba zai maimaita ba. Nawa ya faɗa, a kunnena, ni kaɗai ce mai jin harshensa a ɗakin. A lokacin yana da shekara ashirin da shida.